Ku Bar Taɓe Baki, Ku Zo Mu Buɗe Bonet

Na san ku sarai. Tun kafin mutum ya gama cewa zai canza wa Hilux ɗinsa bututun shan iska, ya kuma sa a taɓa lissafin da ke cikin kwamfutarta, har kun karkata hula kun taɓe baki. Wani ya ce almubazzaranci ne. Wani ya ce aikin samari ne waɗanda kuɗin uba ya yi wa yawa. Shi kuwa Kawu, wanda ya fara tuƙa a-kori-kura tun ana harhaɗa Fijo a Kaduna, tambaya ɗaya gare shi, kuma yana ganin babu mai amsa ta: "Kai yaro, injiniyoyin Japan da suka ƙera motar nan, ka fi su sani ne?"

To Kawu, Allah ya ƙara girma, ban fi su sani ba. Amma tunda yau ka zama lauyan mutanen Japan, ka yi haƙuri in ɗan tambaye ka. Ina tamostat ɗin motarka? Ranar da ta iso, tun ba a yi mata lamba ba, ka sa bakanike ya zare shi ya jefar, wai na ƙasar sanyi ne, aka haɗa fanka kai tsaye. Ina indomin salansa? An fasa an sayar, an liƙe wurin da walda. Takardar motar ta ce ta ɗauki kimanin tan ɗaya, kai kuma ranar da za a je Dawanau buhu ashirin kake ɗora mata, ga 'yan dako a sama suna lilo da ƙafa, har ka sa an ƙara mata sifirin don kada gindinta ya ja ƙasa. A duk wannan ba ka tuna da Japan ba, sai yau da aka ce za a ba injin iska. Ashe dukkanmu masu gyara wa Japan aiki ne. Bambancin kawai, naku kuna kiransa dabara, na yara kuma kuna kiransa iskanci.

Iskar ma ai ba abin rainawa ba ce. Injin fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone mai kilo ɗaya yadda ya kamata. In aka juya lissafin zuwa lita, kowace litar fetur da ka saya sai ta haɗu da iska kusan lita dubu tara kafin ta zama tafiya. Man da kuke ta kuka da tsadarsa tun 29 ga Mayun 2023, shi ne ƙaramin abokin tarayya a cikin injin. Babban abokin kyauta yake zuwa. Don haka wanda ya zauna ya ce bari in faɗaɗa wa wannan na kyautan hanya, bai yi tunanin banza ba. Ko abin ya biya ko bai biya ba, wannan wata magana ce, za mu zo gare ta.

Ku matso tukuna ku ga yadda ake yi, don na lura mafi yawan masu musun ba su taɓa tsayawa sun kalla ba. Ana ɗaga bonet a zare wayar batir. Ga akwatin baƙar roba nan a gefe, a cikinsa filtar takarda take, mai ninki-ninki. Daga akwatin wani bututu mai zobe-zobe ya nufi inji, a jikinsa an manna wasu 'yan kumburai na roba da ba su kai ko'ina, aikinsu kawai su haɗiye ƙara. Oga zai sassauta maɗauran da sukudireba, ya kwance noti biyu ko uku, ya ciro akwatin gaba ɗaya ya miƙa wa yaro. Sai abin da ya fi komai son lallaɓawa, wato na'urar auna iska, wadda sukuru biyu ke riƙe da ita a jikin bututun. A cikinta akwai wata 'yar waya siririya da lantarki ke zafafawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kwamfuta kuma tana gane yawan iskar daga yawan lantarkin da ake kashewa don wayar ta zauna da zafinta. A nan ne za ka ji Oga ya daka tsawa: "Kai! Kada ka sa mata yatsa, kada ka hura ta!" Yaro ya ce, "To Oga," ya ajiye ta kan tsumma mai tsabta. Daga nan a kafa sabon bututu mai santsi da faɗi, a mayar masa da na'urar ta fuskar da ta dace, a ɗaura filta mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya, a kewaye ta da garkuwar zafi, a mayar da ɗan tiyon da ke fitowa daga murfin inji. Aikin sa'a guda ne ga wanda hannunsa ya saba.

Sai a tayar. A tsaye babu wani bambanci. Amma da Oga ya ja totur, sai wani gurnani ya taso daga can ƙasa, in mai turbo ce har da ɗan fito siriri a bayansa. Yaran gareji su yi sowa. Mai mota ya haɗe rai don kada a ga murnarsa, haƙora kuma su tona masa asiri.

Yanzu masu taɓe baki ku gyara zama, zan ba ku naku kason. A jikin kwalin ana rubuta alkawarin ƙarin ƙarfin doki, da ƙaramin rubutu a gaba mai cewa "har zuwa". Wannan "har zuwa" ɗin ita ce ƙofar da mai sayarwa ya bar wa kansa ta fita. A injin fetur marar turbo, ƙarin da ake samu kaɗan ne, kuma yana can sama ne, inda ka take totur har ƙasa, allura ta hau, inji yana ihu. A tuƙin yau da kullum, daga gida zuwa kasuwa, abin da ke shaƙe injin ba filta ba ce. Wani faifai ne a bakin inji, wanda ƙafarka ke buɗewa da rufewa, kuma mafi yawan lokaci a kusan rufe yake. Ka faɗaɗa bututu iya son ranka, iskar sai ta zo ta tsaya a wannan faifan ta jira izinin ƙafarka.

Masu cewa sun sa don rage shan mai, ku ma ku zo nan. A 2009 cibiyar binciken gwamnatin Amurka da ke Oak Ridge ta toshe filtar wasu motocin fetur da gangan don ta ga abin da zai faru. A motocin zamani masu nozul da kwamfuta, shan mai bai wani canza ba, saurin ɗaukar gudu ne ya ragu. Tsohuwar mota mai kafireto ce kaɗai ta ƙara zuƙar mai. Dalili kuwa, kwamfuta tana auna iskar da ta shigo ta ba da man da ya dace da ita, ko iskar ta zo da wahala ko da sauƙi. To in toshewa ba ta ƙara shan mai ba, buɗewa ta ina za ta rage shi? Hasali ma, mai sabon bututu yana son jin gurnanin nan a kowace kwana, sai ka ga ya fi da zuwa gidan mai.

Akwai kuma abin dariyar da ya fi wannan. Sunan abin a can inda ake yinsa yana nufin mai jawo iska mai sanyi, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, ta fi ɗauke da abin ƙona mai. Akwatin da kamfani ya sa yana jan iskarsa ne daga waje, ta cikin gefen mota bisa taya. Shi kuwa mazurarin da aka bari tsirara a ƙarƙashin bonet, ba garkuwa, iskar da ta fito daga lagireto ta bi ta jikin inji yake sha. A ce watan Afrilu ne a Kano, waje yana digiri 40. Ƙarƙashin bonet a cunkoson Ƙofar Ruwa ya kai 70 ba abin mamaki ba ne. Iskar 70 ta fi ta 40 rashin nauyi da kusan kashi tara cikin ɗari, kuma da kwamfuta ta ji zafin sai ta ja da baya don kada inji ya yi ƙwanƙwasa. Mutum ya biya kuɗi ya rage wa motarsa ƙarfi, ya tafi gida yana murna saboda ƙara ta ƙaru.

Na ga kun fara washe baki. Ku dakata, ai ban kai ga babbar hujjarku ba, wadda ku kanku ba ku kawo ba saboda ba ku san da ita ba.

Ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda masana ke lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, tana bi ta kanmu ta lulluɓe komai. Ƙara da jar ƙasar hanyoyin ƙauye, inda kake bin bayan tirela ba ka ganin fitilarta. Yashin da ke cikin wannan ƙurar ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya wuce filta, sai ya haɗu da baƙin mai ya dinga goge ring da bangon silinda a hankali, kowace daƙiƙa sau da yawa. In akwai turbo, shi zai fara cinye bakin fukafukanta, waɗanda ke juyawa sama da sau dubu ɗari a minti. Ba rana ɗaya abin ke nuna kansa ba. Sai wata rana ka ga baƙin mai yana raguwa ba tare da yoyo ba, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana biye da kai, da safe mota tana jinkirin tashi, Oga ya sa kunne ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, sai dai a sauke."

Filtar mazurarin nan yawanci auduga ce a tsakanin ragar waya, da aka shafa wa wani jan mai don ƙura ta manne. Kamfanin K&N, wanda ya yi fice da ita, an kafa shi a 1969 a Riverside ta jihar Kalifoniya, kuma asalin abin daga tseren babur a cikin ƙura ya fito, inda ake son filtar da za a wanke a mayar. To amma injin tsere ana kwance shi a kai a kai, ba a jiran ya yi shekara goma yana kai amfanin gona kasuwa. Abin da ke sa audugar wuce iska da sauƙi shi ne ramukanta sun fi na takarda girma. Mu ƙaddara wata filta tana tare kashi 99 na ƙura, wata tana tare 98. A kan takarda tazarar ɗaya ce tak. A cikin inji kuwa, ƙurar da ke shiga ta ninka biyu. Sannan ga kulawa. Ana wanke ta da ruwan wankinta, a bar ta ta bushe da kanta, a shafa mata manta daidai gwargwado. A nan kuwa yaron gareji zai tsoma ta a fetur ya girgiza, ya zuba mata baƙin mai har yana ɗiga. Man ya bi iska ya je ya lulluɓe 'yar wayar nan da Oga ya hana a hura, ta fara faɗa wa kwamfuta ƙarya, mota ta fara sheshsheƙa.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Bayan wata guda na hunturu, ka kwance bututun daga bayan filta, ka sa farin ƙyalle ka shafo cikinsa. In ya fito fari, Allah ya ba da sa'a. In ya fito da ja-ja, to abin da ka gani a ƙyallen ɗan saura ne, sauran yana cikin inji.

Kada dai ku yi saurin yi wa yaran dariya, domin ku ma ga ku nan a wajen mai faci kowane sati, kun ciro filtar takarda kun buga ta a jikin taya, kun sa an hura ta da iskar kwamfaresa har ta yi fari. Kuna ganin tsabta ce. Wannan iskar mai ƙarfi yaga 'yan ramukan takardar take yi, waɗanda ido ba ya gani. Filtar takarda tana ƙara iya tacewa ne in ta ɗan ɗauki ƙura, don ƙurar farko ita ke toshe manyan ramuka. Wani ma bakin robar filtarsa ya ƙage, murfin akwati ya rasa maɗauri ɗaya an ɗaure shi da robar tayar keke. Irin wannan ne zai zo ya ce mini mazurari yana kashe inji. Malam, naka injin ai tuni ya saba da cin ƙasa.

In da gaske iska mai kyau kake nema wa motarka a ƙasar nan, kalli abin da mutanen Ostareliya ke yi, don su ma ƙura da rafi ne abokan tafiyarsu. Dogon bututun nan ne da ke bin gefen gilashi ya hau har rufi. Ba ya ƙara doki ko ɗaya, kada wani ya ruɗe ka. Amfaninsa shi ne yana ɗebo iska daga sama, inda ƙura ta fi sauƙi fiye da ƙugun taya, kuma akwai irin da ke da kwano a kai mai juya iska ya watsar da manyan ƙwayoyi kafin su kai ga filta, irin wanda kuke gani a tarakta. Da damina kuma, in ka zo tsallaka rafi, shi ke hana inji shan ruwa. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga silinda fistin ya taso ya same shi, sandar fistin ce ke lanƙwashewa, magana ta ƙare a tsakiyar rafi. Wanda ya saukar da mazurarinsa ƙasa bayan bamba don neman sanyi, ya san da wannan.

To, masu taɓe baki, kun ci rabin wasa. Rabin da ya rage kuwa ba naku ba ne.

Maganar taɓa kwamfuta, musamman a injin gas mai turbo, ba tatsuniya ba ce. Turbo zugazugin maƙeri ce: hayaƙin da ke fita shi ke juya ta, ita kuma ta cusa iska cikin inji da ƙarfi, a ƙara mai wuta ta ƙara ci. Yawan zugar, yawan man, lokacin da nozul zai fesa, matsin da ke cikin bututun man wanda a injinan zamani yake kai ma'aunin bar dubu biyu, da iyakar ƙarfin da aka yarda inji ya bayar a kowace giya, duk lambobi ne a rubuce cikin kwamfuta. Kuma kamfani bai kai waɗannan lambobin maƙura ba. Yana sayar da inji ɗaya daga Tailan har Sahara, ya san wani zai zuba masa gurɓataccen gas, wani zai manta da juyen baƙin mai, wani zai ɗora masa buhu ashirin. Sai ya bar ajiya. A taƙaice Kawu, saboda irinka aka rage wa kowa.

Kuna son shaida daga Japan ɗin da kuke kāre wa? Injin gas mai lita 2.5 na Hilux, wanda ake kira 2KD, an sayar da shi da ƙarfin doki 102, an sayar da shi da 120, an sayar da shi da 144, gwargwadon kasuwa da shekara da kayan da aka haɗa masa. Na lita 2.8 da ya fito a 2015 ya zo da doki 177 da ƙarfin murɗa 450. A 2020 Toyota ta fito da shi da doki 204 da murɗa 500. Girman injin bai canza ba. Sai dai ku lura da abin da ta yi kafin ta ƙara: ta sa turbo mafi girma, ta inganta sanyaya, ta ƙarfafa jikin inji. Ba lambobi kawai ta canza ta ce Allah ya kiyaye ba.

Shi aikin kansa babu hayaniya a cikinsa, ba ya ma kama da aikin gareji. Wani matashi ne da kwamfutar cinya zai zauna a kujerar gefe, ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya sami wani soket mai baki goma sha shida, irin wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, ya jona waya. Kafin komai sai ya sa an haɗa wa batir caja. In ya san aikinsa, zai fara kwafe lissafin asali ya adana, ya ba ka naka a ajiye. Sannan ya ce, "Yallaɓai, don Allah kada a buɗe ƙofa, kada a taɓa makulli." Fitilun gaban direba su kama ƙyaftawa, wani layi ya fara tafiya a fuskar kwamfuta a hankali. Mai mota yana tsaye yana salati a ciki, domin an gaya masa in wuta ta yanke a tsakiya, ƙwaƙwalwar motar na iya mutuwa ɗungurum. Layi ya cika. A kashe, a jira, a tayar.

Masu wannan sana'a kan yi alkawarin ƙarin kashi 20 zuwa 30 a injin gas mai turbo, kuma a nan alkawarin ba ƙaramin rubutu ba ne, ana jinsa a baya. Ba a gudun ƙarshe ake ganewa ba. Ka ɗauko kaya ka nufi Jos, ka iso Hawan Kibo, inda a da sai ka sauko giya biyu kana roƙon tirelar gaba ta ba ka hanya. Yanzu giya ɗaya ta isa, motar tana ja daga ƙasa ba tare da ihu ba. Wanda ya musa wannan, bai hau ba ne.

Amma ajiyar nan da aka ciro, kuɗin wani ce. Ƙarin mai ƙarin zafi ne. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuma yana narkewa a wajen digiri 660, alhali hayaƙin da ke fita daga injin gas da ke jan kaya a hawa yana iya wuce 700. Abin da ke ceton fistin shi ne baƙin man da ake fesa masa ta ƙasa da iskar da ke shigowa tsakanin wuta da wuta. In aka matsa lamba aka daɗe a hawa da lodi, sai ya tsage. Injin lita 3.0 mai suna 1KD, a wasu shekarunsa, an san shi da tsagewar fistin ko ba a taɓa shi ba, balle an ƙara masa wuta. Shi ya sa mai hankali ke sa agogon auna zafin hayaƙi a gabansa, in allura ta hau ya ɗaga ƙafa. Kuloci kuma an yi shi ne daidai ƙarfin asali da ɗan rara. Wata rana a giya ta huɗu ka take, inji ya ɗaga murya, mota ba ta ƙara gudu ba, wani ƙauri ya shigo. Birki kuwa ko labarin an ƙara doki bai ji ba, yana nan yadda yake, kuma Hawan Kibo yana da gangara.

Ku kuma masu Hilux ta fetur mai lita 2.7, waɗanda ku ne kuka fi yawa a titunanmu, na ga kun miƙo wuya. Ku koma ku zauna. Injinku ba shi da turbo, babu zugar da za a ƙara. Abin da mai kwamfuta zai iya shi ne ya matso da lokacin tartsatsin fulogi, ya samo muku 'yan dawakai da ba su cika hannu ba, su ma da sharaɗin fetur mai kyau. Wane fetur? Na galan ɗin 'yan bumburutu a bakin hanya? Ko kun manta Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da man da metanol ya yi wa yawa, motoci suka yi ta mutuwa, layi ya dawo gidajen mai? Wata dabarar kuma da ake yi muku ita ce a sa totur ya zama mai saurin amsawa, ka taɓa kaɗan ya buɗe da yawa. Sai ka ji mota tana zabura ka ce ta ƙara ƙarfi. Ba ta ƙara komai ba, tafiyar ƙafarka aka gajarta. Su kuwa 'yan akwatunan nan masu araha da ake cusawa a soket, kore na rage mai, ja na ƙara ƙarfi, waɗanda suka fasa su sun tarar ba abin da ke ciki sai abin kunna 'yar fitila mai ƙyaftawa.

Sai masu son hayaƙi. A Amurka akwai waɗanda ke cire matatar hayaƙin manyan a-kori-kurarsu, su sa a buɗe mai fiye da iskar da ke akwai, don kawai su turnuƙe na baya da baƙin hayaƙi su yi dariya. Dokar tsabtar iska ta ƙasar ta haramta cire waɗannan na'urori, kuma a 2020 wata kotu a jihar Yuta ta ci masu shirin talabijin ɗin Diesel Brothers tarar da ta haura dala dubu 850 a kan haka. Mu nan babu mai tare ka, sai dai mai babur ɗin da ke bayanka da matarsa da jariri a goye, su za su shaƙa. Kuma wannan baƙin da kake alfahari da shi gas ne da ka saya da kuɗinka ya fita bai ƙone ba. Aikin da aka yi da kyau, ɗan hayaƙi kaɗan za ka gani lokacin da ka take, ya wuce.

Wani zai ce garanti fa? Garantin me, ranka ya daɗe? Motar da ta yi shekara takwas a aikin kamfani, aka yi gwanjonta, ta bi hannu uku kafin ta zo gare ka? In sabuwa ce fil daga dila, wannan ka yi tunani, don kwamfutocin yanzu suna iya nuna an taɓa su. Wani malamin tarihi kuma zai tuna mini cewa a 1987 sojojin Cadi sun fatattaki tankokin Libiya a kan Toyota, har aka sa wa yaƙin sunan motar, kuma babu wanda ya ji an yi musu wasa da kwamfuta. Gaskiya ne Malam. Motocin lokacin ba su da kwamfutar da za a taɓa, kuma abin da aka ɗora musu a baya ma ba Japan ce ta ɗora ba.

Mai shakkar da ta fi ba ni tsoro ba ta san turbo ba, ba ta san nozul ba. Uwargida ce. Ta ji an ce an kashe kuɗi a mota, ta leƙo ta ga fenti ɗaya, taya ɗaya, kujera ɗaya. Ta ce, "Alhaji, me aka ƙara?" Ka ce ƙarfi. Ta ce, "Da can ba ta kai ka gona ne?" Ka ce tana kaiwa. Ta ce, "Yanzu gonar ta matso?" A nan duk lissafin 14.7 ɗin nan ba ya ceton kowa.

Saboda haka ga yadda za a raba gardama. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a cika tanki har baki, a rubuta lambar mita, a yi tafiyar da aka saba, a sake cikawa a famfo ɗaya a raba. A sami hawa guda, da lodi guda, da giya guda, a auna daƙiƙoƙin da take ɗauka daga 60 zuwa 100, safiya da safiya don kada zafin rana ya shiga tsakani. Bayan aiki a maimaita komai yadda yake. Mai motar ba zai riƙe agogo ba, don kunnensa ya riga ya karɓi cin hanci daga gurnani. Wanda ya sayar masa da bututun ma ba zai riƙe ba. A ba Uwargida, ta zauna a gaba da wayarta, a kuma yarda tun yanzu cewa in daƙiƙoƙin ba su ragu ba, kuɗin atamfa biyu ne, ita za ta zaɓa.